Tafasa a Langar Jummai

In ka zo Fassi ka ce kana neman Jummai, za a tambaye ka wacce, don muna da su da yawa. Amma ka ce Jummai mai tukunya, kowa zai nuna maka gidan da baki. Ba sayar da tukwane take yi ba. Ita ce mai girkin garinmu. Biki ne, suna ne, saukar karatu ce, duk inda aka kafa babban murhu za ka tarar da ita a kansa, ta ci ɗamara da mayafi, muciya a hannu, tana yi wa matan gida faɗa kamar ita ta haife su.

Ni sunana Alu, manomi, kuma taubashinta ne, don 'yar kawuna ce. Tun muna yara muke tsokanar juna, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ina da izini. Ita ma ba ta raga mini. Sarkin surutu take kirana, har a gaban surukaina.

Jummai tana da ciwo guda wanda ba shi da magani: ba ta iya ganin baƙo bai ci ba. Akwai ranar da wani mai tallar katifa ya ɓata hanya ya tsaya tambaya a ƙofar gidanta. Wallahi bai bar garin nan ba sai da ya ci kazar da take yi mata ƙwai. Marigayi mijinta ya yi faɗan har ya gaji ya bari. Ta aurar da 'ya'yanta duka, ta rage ita kaɗai a gida, amma har yanzu tukunyar mutum goma take ɗorawa.

Sai kuma Ramatu. Gidajensu suna kallon juna, lungu ne kawai a tsakani. A shekara ɗaya aka kawo su amare, kuma tun a lokacin suka ƙulla ciyayya. Kullum da magariba Jummai za ta zuba abin da ta dafa a wata langa mai koren murfi ta miƙa gidan Ramatu, Ramatu ta juye, ta zuba nata ta dawo da ita. Sun haihu, sun yi takaba, haƙoransu sun fara zubewa, langar nan ba ta fasa tsallaka lungu ba. Kuma kullum in Jummai ta buɗe ta ɗanɗana sai ta ce, "Gishiri ya yi yawa." Ramatu kuwa ba ta taɓa rage ko ƙwaya ba. Ita mace ce mai sanyi, ba ta musu da kowa, amma ba ta sake ra'ayi.

Damunar da nake ba ka labari, ruwan Agusta ya zo mana da abin da ba mu saba gani ba. Ba tsawa, ba iska, sai zuba mai naci, ya wuni ya kwana ya sake wuni, har katangu suka sha suka ƙoshi. Rafin bayan gari ya cika ya shigo lunguna. Ɗakunan ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma rumbuna sun kife, ɗan hatsin da ake lallaɓawa zuwa kaka ya jiƙe, ya tsiro, ya yi baƙi. Ɗakin Ramatu ya rufta da safe, ta fita ke nan ɗebo garwashi a wurin Jummai. Daga ranar ta tare a ɗakin Jummai da ɗan abin da aka tono mata. Tukunya ta zama ɗaya, aka kife langa a kan kabad, don ba inda za a kai ta.

Ɗan Ramatu, Amiru, yana tuƙa adaidaita sahu a Kano. Da ya ji labari ya zo a gigice. Ya tsaya a kan kangon ya ga inda azara ta faɗa daidai kan gadon uwarsa, sai ya ce magana ta ƙare, ta haɗa kaya su tafi birni. Ni ban ga laifinsa ba. Yaron kirki ne, tsoro ne ya kama shi.

To, Amiru ɗan fari ne, ka san al'adarmu. Ramatu ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi jayayya da shi. Ta sunkuyar da kai kawai, hawaye na ɗiga a kan zaninta. Jummai ce ta miƙe.

"Kai Amiru, ni na yanke maka cibi. Ka kai ta Kano ta yi me? Ta zauna a ɗaki ɗaya tana jin ƙarar janareton maƙwabta? Wa ta sani a can?"

"Inna Jummai, ba zan sake barinta ta kwana a ginin da ruwa zai narkar ba. In da ɗaki mai tushe mai ƙarfi da rufin kwano, na yarda. Ni kuma ba ni da halin yin sa bana."

"Ka ba mu zuwa yankan dawa."

Amiru ya ce ya ba mu. In aka fara yankan dawa babu ɗaki, zai zo da mota, kuma kada kowa ya roƙe shi.

Ana cikin haka mai unguwa ya tara mu ya ce wata ƙungiyar agaji za ta zo duba ɓarnar da ruwa ya yi, tare da mutanen ƙaramar hukuma daga Kibiya. An ce suna raba hatsi da kwanon rufi da siminti. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Jummai kuwa kalma ɗaya ta ji a duk bayanin: baƙi.

Tabɗi! Ka zo ka ga aiki. Ta bi gida gida tana tattara shinkafar da mata suka ɓoye don mai jego ko marar lafiya. Ta aika rugar Fulani aka kawo nono da man shanu. Kaji kuwa duk wadda ruwa ya bari, Jummai ba ta bari ba. Har zakarana, jan nan mai cara kamar ladani, ta shigo da kanta ta kama. Na ce, "Haba Jummai, shi kaɗai ya rage mini!" Ta ce, "Sarkin surutu, so kake a ce an zo Fassi an tashi da yunwa?"

Kuma kada ka ɗora mata ita kaɗai, garin ne gaba ɗaya ya tashi. Aka share lunguna tas. Duk inda katanga ta faɗi aka kafa sabon zana, don wa zai yarda baƙo ya hango tsakar gidansa da iyalinsa a fili? Maza suka fito da rigunan Sallah. Ramatu, wadda ba ta da ko tabarma, Jummai ta ɗaura mata leshinta na zuwa biki, har da turare.

Baƙin suka iso da hantsi, su huɗu ko biyar, cikinsu da wata budurwa mai suna Mufida. Aka shimfiɗa musu darduma a inuwar ɗorawa. Duk wanda suka tambaya ya ruwa ya yi da shi, sai ya gyara hula ya ce, "To, an ɗan taɓa, amma da sauƙi, wasu sun fi mu." Sun leƙa wuri biyu ko uku, sai aka kira su ga abinci. Shinkafa da miyar kaji, tuwo miyar taushe, fura mai sanyi. Babbansu ya sha ya yi gyatsa ya ce rabonsa da irin wannan girki tun rasuwar kakarsa. Jummai ta wuni tana murmushi.

Bayan 'yan kwanaki muna zaune a bakin titi muka ga babbar motar ƙungiyar shaƙe da buhuna. Muka miƙe muna gyara riguna. Ta wuce mu ko birki ba ta taka ba, ta nufi Tarai, garin da ke gaba da mu.

Ba na jin haushin mutanen Tarai, su ma ruwa ya yi musu ta'adi, kuma rabinsu surukanmu ne. Su dai sun nuna abin da ya same su, mu kuwa mun nuna iya girki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafi gidan Jummai na tsaya a zaure na ce, "Sannu da aiki, uwar baƙi! Sun ci zakarana sun ce Fassi ba ta da matsala." Na jira ta rama kamar kullum. Shiru. Da na leƙa na gan ta zaune a gindin murhu, Ramatu na gefe tana tsinke ganyen tafasa. A rayuwata ban taɓa tsokanar Jummai ta yi shiru ba, sai na ji kunya ta kama ni, na juya na tafi.

Ranar kasuwar Kibiya da sassafe ta yi sallama a gidana, ta yafa mayafi, langa mai koren murfi a hannunta an ɗaure da ƙyalle.

"Tashi ka kai ni wurin yarinyar nan ta ƙungiya."

Na dubi langar na ce, "Inna lillahi! Wani girkin ne kuma? Jummai, ba ki daddara ba?"

"Tuƙa babur ɗinka."

Muka same su a wani shago da suka kama suna ajiye kaya. Mufida ta gane ta nan take, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta kujera. Jummai ta ƙi zama. Ta kwance ƙyallen, ta buɗe murfin ta ajiye a gabanta.

Tafasa ce. Ganyen nan da yake fitowa a bayan gida, an dafa an matse. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli da ɗan mai abin marmari ne, amma wannan ba ƙuli, ba mai, ba albasa, gishiri ne kawai da barkono. A gefe ta ƙulle ɗan hatsin rumbu a leda, baƙi ƙirin, yana warin ruɓa.

"'Yar nan," in ji Jummai, "ni na dafa wancan da kuka ci, ni na dafa wannan. Wancan na baƙi ne. Wannan shi muke ci tun da ruwa ya sauka. Ni ce na rufe muku ido. Tunda nake ban taɓa ajiye wa baƙo abu irin wannan ba, amma yau ga shi, bismilla."

Ni da na san ta, na san da a ce ta yi haka gara ta yi yawo ba takalmi a kasuwar. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai.

Mufida ta wanke hannu ta ci. Ba ɗanɗanawa ta yi ba, ci ta yi sosai. Sannan ta ce, "Inna, ni 'yar Rano ce, kakata ma haka take. Na ga zanan nan duk sababbi, jikina ya ba ni. Na nufi lungunku zan leƙa, kika riƙe mini hannu kika ce miya za ta huce."

"Ai kuwa da ta huce," in ji Jummai tana share ido.

"Mu ma da namu laifin. Aikinmu mu duba, muka zauna muka ci kaji."

Ta gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Hatsi ya ƙare. Akwai ragowar kwano da siminti, amma ba abin da za a ɗauki magina da leburori da shi, shi ya sa kayan suke jibge. In garin zai kawo dutse da yashi da tubali da hannu, za ta roƙi manyanta su ba da kayan, su haɗa mu da magini ɗaya ya nuna mana yadda ake tushen da ruwa ba ya ci. Na ce mata in dai gayya ce, a cikinta aka haife mu. Ta ce to, za su dawo su sake dubawa, amma da sharaɗi: ba za ta faɗi ranar ba, kuma ruwan randa kawai za su sha. Ka ga fuskar Jummai a lokacin, kamar an ce ta haɗiye maɗaci.

Kafin su dawo, Malam Sallau, mai makarantar allo kuma limaminmu, ya yi magana bayan sallar la'asar. Ya ce faɗin halin da kake ciki ga wanda ya zo taimako ba roƙo ba ne, kuma ba tonon asiri ba ne. Da ya fita ya je ya cire zanan ƙofar gidansa da hannunsa, kowa ya ga zauren karatun ya zama tudun ƙasa. Daga nan sauran suka samu ƙarfin hali. Ranar da Mufida ta zo da mutanenta, Jummai ce ta shige gaba, gida gida, tana ɗaga zana tana cewa, "Ku shigo ku gani." Sun sha ruwan randa sun tafi. Ta bi motarsu da kallo, ta ce mini ji take kamar ta yi sata.

Da ruwa ya ja baya aka fara gayya. Fulani suka kawo shanu suka ja amalanke, muna ɗebo dutse daga gindin tsauni. Samari suka buga tubali. Maginin ƙungiya ya nuna mana a haƙa tushe, a jera dutse da siminti har gwiwa, sannan a ɗora tubali a kai. Mutanen Tarai, Allah Ya saka musu, suka zo da masara daga cikin tasu ta agaji, wasu suka tsaya suka taya mu kwaɓa ƙasa. Jummai ta kafa murhu a gindin ɗorawa tana dafa wa masu aiki fate da dambu. Nan ta dawo daidai, faɗa ya dawo, har ta kira magini malalaci.

Sai dai ba da ɗakin Ramatu aka fara ba. Dattawa suka ce a fara da mai marayu ƙanana, sai makaho, sai masu jego, don Ramatu ko ba komai tana da inda take kwana. Jummai ta haƙura, don ta san gaskiya ce. Amma kullum da safe sai ta leƙa gonar bayan gida ta dubi kan dawa yana ja. Ban taɓa ganin 'yar manoma tana harara dawa don ta nuna ba sai ita.

Abin da ake gudu ya zo. Ranar da aka fara sa lauje a dawa, ɗakin Ramatu ya kai kan ƙofa, an ɗora katako, amma babu rufi. Ragowar kwanon yana shago a Kibiya, motar da take kawo mana ta lalace. Da azahar sai ga Amiru da akori-kura ta aro.

Ya gaishe da mutane ya zagaya ginin. Ya sa ƙafa ya daki tushen, ya tsuguna ya shafa dutsen. Ya dube mu, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙasa, har Malam Sallau ya naɗe hannun riga. Sannan ya ɗaga kai ya ga sama a buɗe.

"Kun yi ƙoƙari, Allah Ya biya ku," in ji shi. "Amma Inna Jummai, rufin kwano muka ce. Ni kuma motar nan yau kaɗai aka ba ni."

Jummai, mai bakin da ba ya mutuwa, ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kayan Ramatu da kanta, ta ajiye a ƙasa, ta koma gefe ta tsaya. Na tabbata shi ke nan.

Sai Ramatu ta fito. Ba ta dubi ɗanta ba, ta juya fuska wajen katanga kamar yadda ta saba, ta ce a hankali, "Jummai, ki gaya wa yaron nan, motar da za ta iya ɗaukar tsohuwa da kayanta har Kano, za ta iya ɗauko kwano daga Kibiya."

Amiru ya tsaya baki buɗe, don tunda aka haife shi bai taɓa jin ta sa shi abu a gaban mutane ba. Sai ya fashe da dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Baba Alu, shigo mu je." Muka je, Mufida ta buɗe mana shago, har ta taya mu lodi. Washegari da ya kamata a ce yana Kano, yana kan katako da guduma, yana faɗa da magini a kan ƙusa. Mai motar ya yi ta kiransa a waya, Amiru ya ce masa ya yi haƙuri, rufin ɗakin uwarsa yake.

Yanzu duk shekara kafin damuna muna gayyar gyaran magudanan ruwa, kuma duk mai sabon gini da dutse yake fara tushe, ba sai an gaya masa ba. Mufida takan biyo ta gaishe da Jummai. Sun daidaita a kan doka ɗaya: duk baƙon da ya zo duba wani abu, a fara kai shi ya gani, sannan a zuba masa tuwo. Jummai tana bin dokar, amma da gudu take zagayawa da su. Zakarana kuwa har yau ba ta biya ni ba, ta ce ladansa ya ishe ni.

Ranar da Ramatu ta koma ɗakinta ina nan. Jummai ta yi ta mita, wai ta huta da minshari, wai ɗakinta ya dawo nata. Da magariba na shiga yi mata sannu na tarar ta sauko da langar daga kan kabad, ta wanke, ta zuba tuwon sabuwar dawa. Ta tsallaka lungu ta miƙa, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, ta kasa yin komai. Can sai ga Ramatu da kanta, ta ajiye langar a gabanta ta juya.

Jummai ta ɗaga koren murfin. Ɗanwake ne da mai da yaji, yana tururi. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa, hawaye na bin kumatunta.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta.

Na miƙa hannu zan taya ta, ta buge mini hannu, ta jawo langar jikinta ta cinye tas.